Dawar da Ke Rataye a Madafi

Shekarar da muka tashi daga ƙauyenmu na bayan Gozaki ina da goyon fari, yaro namiji da ya fara rarrafe. Zamani ne da ake cin kasuwa da wuri, ba wanda ya taɓa ganin Bature a ƙasarmu. Gonar gandu ta gaji, ciyawar ƙuduji ta cinye ta, kowace kaka damman da ake kawowa gida sai raguwa suke yi. Ga labarin mahara da ba ya yankewa, mu kuwa ba ganuwa gare mu ba, ƙaya ce kawai aka kewaye gari da ita. Sai surukina, uban mijina, ya ce za mu koma wajen Danja, inda wani ɗan'uwansa ya samo masa fili, aka yi sara, aka kafa mana 'yan ɗakuna. Ya ce kuma lalle mu isa kafin ruwan shuka ya sauka.

Na ce "ya ce", amma ni ban ji daga bakinsa ba. Gidanmu gida ne da magana ba ta bin miƙaƙƙiyar hanya. Ni matar ɗansa ce, ba na yi masa magana, ba ya yi mini. In na hango shi tafe sai in kauce, in durƙusa, in sunkuyar da kai har ya wuce. Mijina ɗan fari ne, don haka uban ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya. In tsohon yana da umarni sai ya tsaya a tsakar gida ya faɗa wa iska, wanda abin ya shafa ya tsinta. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ita kaɗai ke iya zama gabansa, ita ma ɗin ba ta tambayarsa me yake nufi. Ba mugu ba ne, wallahi ban taɓa jin ya zagi kowa ba, kwarjini ne dai Allah ya yi masa. Mutum ɗaya ne yake sakin fuska da shi a gidan, shi ne ɗana, wanda ko "baba" bai iya cewa ba. Yana kiransa angon tsohuwa, yana tsokanarsa wai ya zo ƙwace masa mata.

Irin shukarmu kuwa a madafina yake. Kowace kaka, kafin a sa magirbi, tsohon yakan zaga gona shi kaɗai ya zaɓi zangarnun da suka fi kowanne ƙosawa, ya ɗaure su, ya tsaya a tsakar gida ya ce a rataye. Mijina ya hau turmi ya rataye su a rufin madafi, daidai saman murhu, don hayaƙi ya hana ƙwari shiga. Dawa ce farfara, daga hannun ubansa ya gaje ta. Dokarta biyu: hannun mace ba ya taɓa ta, kuma ba a sauke ta sai shi ya ce a sauke. Tun da aka kawo ni girki ya dawo hannuna, saboda haka kullum tana bisa kaina, ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya. A waccan shekarar kuwa ita ce komai namu. 'Yan damman da suka rage a rumbu ƙwari sun gama da su, in ka murza ƙwaya sai ta zama gari a hannunka. Za a ci dai, amma ba za ta tsira ba. Maƙwabta ma kowa irinsa daidai gonarsa.

Sai ka tashi ƙaura kake sanin irin tarkacen da kake kwana da shi. Gidan da nake yi wa kallon ba komai a ciki, da aka fara fito da kaya sai tsakar gida ta rasa wurin sa ƙafa. Inna ta zauna tsakiyar ƙorenta, kowace ƙwarya da labarinta, ta jera su cikin ragaya, ta ɗaure, can ta tuna ƙaramar ta fi dacewa da cikin waccan, ta kwance ta sake. Dutsen niƙa aka tono shi daga gindinsa, aka ce ya yi wa jaki nauyi, aka mayar, aka ce ina za mu sami kamarsa a baƙon wuri, aka sake tonowa. Randar da ke binne rabi a ƙasa tun kafin a haifi mijina, ana gama haƙa ta ta tsage gida biyu, Inna ta yi mata kuka kamar mutum. Ni kuwa na ɗaure tukwanena da ƙaiƙayi a tsakaninsu, na yi ɗaurin da nake alfahari da shi, sai rana ta yi aka ce ina abinci. Na kwance. Gatari yana can ƙasan taiki ƙarƙashin fartanyu lokacin da ake nemansa a sare igiya. Kaji an ɗaure musu ƙafa tun da wuri, sai aka ce masu jakai sun ɗaga rana, aka sake su, suka bi kan kayan suna yi mana aika-aika.

Maƙwabta suna ta shigowa sallama. Wata ta maido muciyar da ta ara tun bara, wata ta ga faifai cikin kayana ta rantse nata ne, ni kuma na kasa tuna ko nata ɗin ne. Har na kai ina tsayawa da abu a hannu ban san ko ɗaurewa zan yi ko kwancewa na yi ba.

A cikin wannan hargitsi abu ɗaya ne bai motsa ba. Madafi yana ta zama kango, na kwashe ludaya, na kwashe tulu, na sauke ragaya, iri yana nan rataye. Duk sanda na ɗaga kai sai gabana ya faɗi. Na tari mijina yana gyaran mangala na ce, "Maigida, irin nan fa?"

Bai ɗago ba ya ce, "Baba ya san da shi."

"Ya ce a sauke?"

"Bai ce ba. Ran da ya ce, in sauke."

Na koma wajen Inna na durƙusa. "Inna, irin Baba yana nan rataye, ga shi an kusa tashi."

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ya haɗa ki da iri? Mai abu ya san abinshi. Riƙe man ƙwaryar nan, kada ki sake ta."

Na riƙe ƙwarya. Shi kuma tsohon ba ya shiga madafin matar ɗansa, ko leƙe ba ya yi, to yaya za a yi ya gani ya tuna? Ko yana sane ne, yana jiran ranar da ya zaɓa? Ko yana zaton ɗansa ya riga ya sauke? Ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Ana gobe tafiya aka ba ni izini in je in yi sallama da mahaifiyata a ƙauyenmu, nan kusa ta hanyar Malumfashi. Na goya ɗana, na ɗaga kai na dubi irin, yana nan, na fita. Muka yi koke-kokenmu da mahaifiyata, ta ba ni daddawa da kuka, na juyo bayan azahar. Ina gab da gari sai na ga rufin ɗaki yana tahowa a kan hanya da ƙafafun mutane a ƙarƙashinsa, suna waƙa suna nishi. Na ratse in ba su hanya. Da suka zo daidai ni sai na gane baƙin hayaƙin da ke cikinsa. Rufin madafina ne. Ashe tsohon ya ba wani maƙwabci jinkar, an yi gayya an ɗaga ta sukutum. Na manta da kunya, na duƙa na leƙa ƙarƙashi tsakanin ƙafafun maza. Igiyar tana nan tana lilo, babu komai a jikinta.

Ban san yadda na isa gida ba. Na tarar da madafi bango kawai, rana ta cika shi. An hura wuta a tsakar gida, an ɗora babbar tukunya, mata uku na maƙwabta suna ta hidima, ɗaya tana shiƙa, ɗaya tana ɗura dawa a taiki, ɗaya tana kan dutsen niƙa. Mijina yana shigowa da jakai. Na ce masa ina iri.

Ya ce, "Na sauke mana. Sun zo ɗaga jinka, in bar shi ya tahi gidan mutane? Ga shi can na aje bisa tabarma, gefen damman rumbu."

Muka duba tabarma. Babu dami ko ɗaya, sai tulin soshiya, zangarnun da aka sussuke ƙwayarsu.

Matar da ke shiƙa, wata dattijuwa mai kirki da ta yi mini wankan jego, ta ce, "Ai na gan shi, baƙi-baƙi haka. Na ce wannan kamar iri. Na tambayi Innarku."

Inna ta taso da ƙwarya a hannu. "Ni ca kika yi man ga dawa mai baƙi, ita ma a sussuke? Malam kau ya tsaya nan da safe, kowa na ji, ya ce a sussuke duka, kada a ɗora ma jaki zangarniya ko ɗaya. Duka ya ce. Ni wace ce da zan ce ban da wannan?"

Na ce to, an sussuke, ina ƙwayar? A raina ina cewa ko a taiki aka zuba ta, sai in zauna in tsince ta ɗaya-ɗaya, ai baƙinta zai nuna ta. Dattijuwar ta dubi mai niƙa, mai niƙa ta dubi ƙwaryar da ke gabanta. Ashe da suka ga ta yi kunkunniya, sai suka ce kada ta ɓata sauran a taiki, gara a fara da ita. Suka surfe ta, suka wanke tas, suka shanya, suka niƙe, don a yi tuwon masu gayya da masu jakai. Garin ne a ƙwaryar, fari sol, ban taɓa ganin gari mai kyansa ba. Talge ma har ya fara tafasa a tukunya.

Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ranar nan hannu da yawa ne ya kashe mu. Abin da ya fi ruɗa ni, duk wanda na duba sai in ga gaskiyarsa. Mijina bai bar iri ya bi jinka ba. Dattijuwa ta tambaya. Inna ta bi maganar mijinta. Mai niƙa tattali ta yi. Ni na yi ta faɗa tun ba a kai ga haka ba. Har yau da na tsufa, in na zauna ina juya abin, ban sami wanda zan ɗora wa ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi fiye da a ce akwai mai laifi.

Na shiga kangon madafi don kada a ga hawayena. A bayan murhu, cikin toka, sai ga 'yan zangarnu da suka zube lokacin da mijina ke sauke damin a gurguje. Ba su fi a riƙe a hannu ɗaya ba. Na tsaya a kansu ina tunanin doka, hannun mace ba ya taɓawa. Sai ga kaza ta shigo ta nufo su. Na kore ta, na yi bisimilla na kwashe, na naɗe a tsumma, na cusa tsakanin bayana da cikin ɗana, na ƙara ɗaure majanyi.

Saura faɗa wa mai shi. Mijina ya ce, "Inna ta gaya mashi, ita ke zama gabanshi."

Inna ta ce, "Ni? Wanda ya sauke shi ya faɗa."

"Ni da ko gaisuwa daga nesa nike yi?"

"To a bari mu isa tukuna. Kada a tada mashi hankali ana shirin hanya."

Aka bar ta a haka. Tukunya kuwa ba ta jira, ga mutane sun yi aiki suna jin yunwa, gari kuma ya riga ya zama gari. Ni ce mai girki, ni aka miƙa wa muciya. Na tuƙa tuwon nan, na kwashe, na zuba miyar kuka, aka kai akushin tsohon zaure. Ba a jima ba akushi ya dawo a suɗe, da saƙon wai in da saura a ƙara. Na ƙara. Ni ko loma ɗaya ban iya kaiwa baki ba.

Da gari ya waye aka hau ɗora kaya. Turmi a gefe ɗaya, dutsen niƙa a ɗaya gefen, jaki ya ƙi tashi, aka sauke, aka mayar kan takarkari. Kaji suna kuka a kwando, Inna tana bin duk wanda ya ɗauki ragayarta tana cewa a hankali. Tsohon ya fito da sandarsa ya tsaya a tsakar gida, ya dubi rumbun da ba komai, ya dubi kangon madafi, ya ce wa iska, "Iri ya hau?"

Mijina ya duƙa yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Can Inna ta ce, "Yana nan cikin kaya, Malam."

Ya gyaɗa kai ya yi gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin Inna, na ji haushin mijina, na ji haushin kaina da na tsaya da tulu a ka ina kallon ƙasa.

Bazara ce, zafi kamar a tanda. Muna tafe kaya suna zamewa ana tsayawa ana gyarawa, tsumman nan yana sukar bayana, yaro yana ta mutsu-mutsu. Da rana ta take sai na ga gabas ta fara haɗa baƙi. Masu jakai suka ce wannan hadarin ba na wasa ba ne, in bai sauka yau ba, gobe. Tsohon ya dubi sama ya ce alhamdu lillahi, fuskarsa ta washe. In ruwa ya sauka da dare, da asuba zai ɗauki sungumi ya ce a kawo iri, a lokacin kuwa kowa a garin ya fita da nasa ya zuba a ƙasa, ko bara ya yi ba zai samu ba. In zai nema, yau ne. In na yi magana na keta abin da uwata ta hore ni da shi tun ina yarinya. In na yi shiru mun kwana da yunwar shekara. Gaba kura, baya sayaki.

Muka yada zango a gindin wata tsamiya a bakin busasshen rafi. Aka shimfiɗa wa tsohon buzu, ya sha ruwa, ya ce, "Ina angon tsohuwa? Ko zafi ya sa ya saki matar?" Inna ce ta saba ɗaukar yaron ta kai masa, amma tana can tana jimamin wata ƙwarya da ta tsage. Na kwance goyo, na riƙe tsumman a hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na matsa na durƙusa nesa kaɗan, na ba tsohon gefe, na zaunar da ɗana a gabana ina kallon fuskarsa, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa a gidan ba.

Na ce, "Kai ɗan nan, tunda kai kaɗai ke da baki a gidanmu, gaya ma abokin wasanka. Tuwon da ya ci jiya, irinshi ne. An sussuke, an surfe, an niƙe. Gaya mashi babu iri cikin kaya. Abin da ya saura ga shi a tsumma, kuma hannun uwarka ya taɓa shi."

Yaro ya kama mini leɓe yana dariya. Inna ta saki ƙwarya ta hau salati. Mijina ya tsaya a bayan jaki kamar an dasa shi. Masu jakai suka tashi wai za su duba dabbobinsu.

Tsohon ya dubi yaron. Can ya ce, "Angon tsohuwa, ashe haka aka yi? Shekara da shekaru ina zaɓenta ina hana bakina, ashe jiya aka yi man buki da ita. Har da ƙari." Ya yi wani sauti kamar dariya, amma ba dariya ba ce. "To wa ya ce a sussuke?"

Wannan kam ko ta bakin yaro ba zan iya ba. Inna ce ta ce, "Kai ka ce duka, Malam."

Ya ce, "Na ce duka." Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sanda. Sa'an nan ya ɗago ya dube ni, ni kaina, ba yaron ba. Ya ce, "Ɗiyata, kawo nan."

Na rasa inda zan sa idona. Na ja gwiwa na matsa zan ajiye tsumman a bakin buzu yadda ake yi, sai ya miƙo hannu biyu. Na sa masa. Ya buɗe, ya hure tokar, ya duba zangarnun ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe ya zura a aljihun rigarsa. Ya miƙe ya ce a ɗora kaya. Daga nan bai sake hawa jaki ba, a ƙasa ya tafi, yana gaba muna binsa, mu matasa har muna haki.

Muka isa da la'asar, iska ta fara kaɗawa, sama ta yi duhu. Ɗan'uwansa ya fito tarye da murna, yana nuna ɗakuna, wannan na wane, wancan na wance. Tsohon ko leƙa nasa bai yi ba. Ya ja ɗan'uwan gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, na ga ɗan'uwan ya girgiza kai ya buɗe hannuwa, sa'an nan ya nuna wani gida da ke kallon namu. Tsohon ya gyara rigarsa ya nufi can shi kaɗai.

Ba a riga an ja mana darni ba, don haka daga inda nake sauke tulu ina hango komai. Maigidan ya fito ƙofar zaure, saurayi ne, bai girmi mijina ba. Surukina ya tuɓe takalmansa, ya jingine sanda, ya tsuguna a gabansa. Ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla. Ya yi magana, saurayin ya sosa ƙeya, ya dubi hadari, ya shiga ciki. Tsohon ya cire hularsa ya buɗe bakinta ya riƙe da hannu biyu yana jira, furfurarsa a waje, yara sun fara taruwa suna kallon baƙo.

Na juya na shiga taya Inna kwance ƙorai, don kada in ga abin da za a zuba masa.